Ranar da na Zauna a Jirgina

Fumika ta zo mana ne saboda katun. Ba wasa nake ba. Ranar da ta fara taka tashar jiragenmu na ruwa a Yanagawa, Okami-san, wato uwargidanmu, matar marigayi Egashira wadda ke riƙe da gidan tun rasuwarsa, ta tambaye ta me ya rabo ta da Saitama, ta bar aikin ofis da kujera mai laushi, ta zo neman tura kwalekwale da gora. Yarinyar nan ko kunya ba ta ji ba, ta ce wai akwai wani anime, wato katun, da take kallo kullum in ta dawo daga aiki, na wasu 'yan mata masu koyon tuƙin jirgi a wani birni na kan ruwa, kuma shi kaɗai ke iya sa ta barci.

Na ce, "To me ke faruwa a cikinsa?"

"Ba komai."

"Kamar yaya ba komai?"

"Tuƙi kawai suke yi. Su sha shayi. Wani lokaci a yi ruwan sama."

Matsufuji, wani tulelen abokin aikinmu da ya fi ƙarfi a waƙa da surutu, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ni ko murmushi ban yi ba. Tun ina saurayi nake kan ruwan nan, ban taɓa ganin ranar da ba komai ya faru ba. In ba fasinja ya yar da waya a ruwa ba, to wani ya bugu ya miƙe tsaye a ƙarƙashin gada.

Okami-san ta dube ni ta ce, "Kabashima-san, ga 'yar koyonka."

"Ni? Me na yi miki?"

"Kai ne ba ka da haƙuri. In ta jure maka, za ta jure wa kowa."

Haka aka liƙa mini ita.

Watannin farko ba abin da ban gani ba. Hannunta ya yi bororo ya fashe, ya sake yi ya sake fashewa. Jirgin namu faffaɗa ne, ƙasansa shimfiɗe, fasinjoji su cire takalma su zauna a daɓe, matuƙi kuwa yana tsaye a baya kan ɗan dandamali, ba abin da ke tsakaninsa da ruwa sai ƙafarsa. Gora ta kafe a laka, na ce mata sau nawa a saki gora a bi jirgi, ina! Sai ta rungume ta, jirgi ya tafi ya bar ta a rataye, daga nan sai tsundum. Har yaran makaranta suka san ta, suna tsayawa a kan gada suna jiran faɗuwarta. Ta fito jiƙe sharkaf, ciyawar ruwa a ka, ta rusuna ta ce, "A gafarce ni, Shisho," wato malam, ta sake hawa.

Wata rana muna cin abincin rana ta tura mini wayarta, wai in kalli katun ɗin ko kaɗan ne. Na kalla don in samu abin zagi, kuma na samu. Fararen kaya kamar masu zuwa biki, ba gumi, ba laka, ba sauro, hannuwa sumul. Da filafili ma suke tuƙi, ba gora ba.

Na ce, "Waɗannan ko sati ba za su yi a nan ba. Dubi yadda waccan ta tsaya, ƙafa a haɗe. Iska ɗaya za ta kwashe ta."

"Shisho, zane ne fa."

"Ko zane ne a zana shi daidai."

Ban san lokacin da barci ya sace ni a kan benci ba. Da na farka Matsufuji yana tsaye a kaina yana cewa ashe maganin ya yi wa tsoho aiki. Na zage shi tas. Amma gaskiya rabon da in yi barci mai daɗi irin wannan an daɗe.

Kafin kaka ta shigo, yarinya ta iya. Ban faɗa mata ba, don ba a faɗa. Ta daina faɗa da ruwa, ta gane inda ƙasa ke da tauri da inda ke cin gora, ta iya duƙawa a ƙarƙashin gada ta miƙe ba tare da jirgi ya karkata ba. Waƙarta ce dai sai haƙuri, muryar 'yar siririya, amma tsofaffin mata suna so, har su raka ta da tafi.

Ni kuwa a lokacin gwiwoyina suka fara cin amanata. Wanda bai san aikin ba zai ce gwiwa ai ƙaramin abu ce. To gadojin garin nan wasu ƙasa-ƙasa suke, fasinja ma da ke zaune sai ya sunkuyar da kai. Matuƙi kuwa sai ya kwantar da gora, ya tsuguna har ƙirjinsa ya taɓa cinya, jirgi ya sulale, ya miƙe zumbur ya kafa gora kafin hancin jirgi ya nufi bango. Na yi wannan abin da ba ya ƙirguwa. Ran nan ina ɗauke da baƙi cike da jirgi, Fumika na zaune kusa da ƙafata tana kallon aiki, muka iso gadar da ta fi kowace ƙasa. Na ce wa gwiwa duƙa, ta tsaya rabin hanya ta ƙi. Goshina ya gamu da ƙarfen gada, ƙum! Sai da na ga taurari. Malafata ta faɗa ruwa tana juyi, baƙi kuwa suka ɗauka wasa ne cikin shirin yawon, suka kaure da tafi. Sai da jini ya gangaro mini ta gefen ido suka daina. Fumika ta karɓi gora, ta kai mu tasha tana ta zuba musu waƙa don su daina kallona.

Na ce mata kada ta gaya wa kowa. Ba ta gaya ba. Goshin ne ya tona, ya kumbura kamar an ɗora mini dafaffen ƙwai.

Okami-san ba ta yi maganar ba sai lokacin zubar da ruwa. Kowace shekara a ƙarshen sanyi akan rufe ƙofofin ruwa, hanyoyin su ƙafe, rana ta bugi ƙasansu, mu kuma mu sa dogayen takalman roba mu shiga kwashe laka da gwangwanaye da kekunan da mashaya suka jefa. Ina cikin taɓo har gwiwa ta kira ni daga bakin gaɓa. Ta miƙo mini shayi mai zafi, abin da ba ta saba ba, nan take na san da magana.

"Kabashima-san, ranar da ruwa ya dawo za a gwada Fumika."

"Ta isa gwaji."

"In ta ci, jirginka za ta karɓa. Ba ni da wani jirgin, kuma ba zan jira ranar da za a ciro ka daga ƙarƙashin gada ba. Kai sai ka dawo kan tudu, ka riƙa koya wa sababbi. In ba ta ci ba, ba ni da zaɓi, ka ƙara shekara a kan ruwa, ita kuma ta ƙara shekara tana wankin jirage."

Na kurɓi shayin, ya ƙona mini harshe. Na ce, "Na ji." Me zan ce? Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin haushin shi ne ba wanda zan huce a kansa, don matar gaskiya ta faɗa. Na koma cikin laka na huce a kan wani tsohon keke.

Ban so Fumika ta sani ba. Amma inda Matsufuji yake ba a ajiye magana. Kafin yamma na ji shi yana ce mata, "Ke 'yar Saitama, ashe ke za ki sauke mana tsoho? A yi a hankali dai, kada ya cije ki." Na ga ta tsaya cak da shebur a hannu. Tun daga ranar ta rage magana, ta daina turo mini waya, in na yi mata tsawa ma sai ta ce "to" kawai. Na ɗauka fargabar gwaji ce.

Gwajin gidanmu marigayi Egashira ne ya tsara shi, kuma matarsa ba ta taɓa canza ko ɗigo ba. Ɗan koyo zai ɗauki Okami-san da malaminsa, ya kai su ya dawo da su, ta tsohuwar ƙofar ruwa. Ƙofar nan ta dutse ce, matsattsiya, jirgi na shiga abin da ke raguwa a kowane gefe bai fi tafin hannu ba, ga ruwan da aka sako sabo yana turo ka. In gefen jirgi ya taɓa dutse, ko ƙis ne, an faɗi. Malami kuwa zai cire takalmi ya zauna a daɓe kamar fasinja, ya juya wa ɗan koyonsa baya, bakinsa a rufe har a dawo tasha. In ya kuskura ya furta ko kalma ɗaya, tafiyar ta rushe gaba ɗaya, sai a sake daga farko, shi kuma ba za a ƙara ba shi ɗan koyo ba har abada, don ya nuna ba ya iya sakin na hannunsa. A zamanina mutum ɗaya na san ya taɓa yi, ya ƙare a sayar da tikiti.

Ranar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi, sama fes. Matsufuji da sauran suka jeru a tasha suna ta tsokana.

"Kaba-san, a kawo maka bargo? Ko matashi?"

"A kawo mini igiya in ɗaure bakinka."

"Ka riƙe gefe da kyau, tsofaffi jiri ke ɗibarsu!"

Na cire takalmi na shiga. Jirgina ne, na san kowane katako a jikinsa, amma rabon da in zauna a daɓensa tun yana sabo. Daga ƙasa komai ya yi girma, bangayen gidaje sun yi tsawo, ruwa na kusa da gwiwar hannu. Okami-san ta zauna a gabana ta rufa bargo a cinya. Na ji gora ta taɓa ƙasa a bayana, muka tashi.

Ba sai na waiwaya ba. Wanda ya daɗe a aikin nan yana jin tura gora a ƙashin bayansa. Na ji Fumika tana kafawa a inda ya kamata, tana sakin nauyinta a hankali, tana zare gora ba tare da ta ja jirgi baya ba. Kwanar gidan mai yin miso, irin daddawarmu ta waken suya, ta wuce sumul. Gada ta farko, ta biyu, ban ji ko girgiza ba. Ta yi waƙa a inda ake yi, ta yi shiru a inda ake shiru. Ina jin daɗi ina jin haushi, duka a lokaci guda, don kowace tura mai kyau tana ƙara nisanta ni da dandamalin nan.

Muka doshi ƙofar ruwa. Ta daidaita hancin jirgi tun daga nesa, ta yi tura ta ƙarshe, ta ɗaga gora kamar yadda na koya mata. Jirgi ya shiga tsakanin duwatsu a miƙe, inuwa ta rufe mu. A raina na ce shi ke nan, an gama da ni.

Sai na ji wata 'yar tura daga hagu. Ƙarama, a natse, ba gaggawa a cikinta. Gindin jirgi ya goce, ya sumbaci dutse, ƙis.

Okami-san ta ɗago ido ta dube ni, ta mai da kan bargonta. Hukunci sai a tasha.

Na yi murna. Zuciyata ta yi tsalle kamar ta yaro, ta ce ga shekara guda an ba ka kyauta, ga bazara na zuwa da jiragen amare, ga gorarka, ka yi shiru kawai, shirun ma shi doka ta ce ka yi. Muka fito cikin rana ina riƙe da wannan murnar, muka wuce ƙarƙashin bishiyoyin bakin ruwa, har muka kusa kwana ta gaba.

Amma turar nan ta ƙi barin bayana. Na ga masu kuskure iri-iri a ƙofar nan. Mai kuskure firgita yake, ya caka gora da ƙarfi, jirgi ya daki dutse har haƙoran fasinja su haɗu. Wannan kuwa an auna ta ne, daidai yadda za a ji, ba yadda fenti zai goge ba. Ni kaina ban tabbata zan iya taɓa dutsen nan da taushi haka ba. Ashe tausayina aka ji! Ni Kabashima, yarinyar da na tsamo daga ruwa da ciyawa a ka ita ce za ta yi mini sadakar shekara. Ga kuma Matsufuji zai yi ta yawo da labari cewa 'yar koyon Kabashima ta daki ƙofa. 

Na waiwaya na ce, "Ke! Uban wa ya koya miki wannan?"

Okami-san ta rufe ido. Fumika ta yi tsuru-tsuru, fuskarta ta yi fari fat.

"Shisho, kada ka yi magana! Ka yi shiru, don girman..."

"Ai na riga na yi. Ina tambayarki, wa ya ce ki tura daga hagu?"

"Ruwa ne ya ja ni."

"Ƙarya kike! Ruwan ta dama yake turowa, ko jariri ya sani. Ni za ki yi wa wayo a cikin jirgina?"

Sai hawaye. Tana riƙe da gora tana kuka, amma ko a haka jirgi bai karkace ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

"Shekara ɗaya ce kawai, Shisho. Ni ina da lokaci. Wankin jirgi ba ya kashe mutum."

"Gada kuwa tana kashewa. So kike ki tsaya kina wanke jirgi ranar da za a kawo miki shi da jinina a ciki? Ko ce miki aka yi na koya miki aiki ne don ki riƙa yi mini kara da shi? In za ki karɓi jirgin nan ki karɓa da hannu biyu. In ba ki so, ga tashar jirgin ƙasa can, ki koma ki ci gaba da kallon masu shan shayi."

Wata tsohuwa da ke shanya a bayan gidanta ta tsaya tana kallonmu baki buɗe. Na harare ta, ta shige.

Okami-san ta gyara bargo, ta ce cikin sanyin murya, "Kabashima-san, ka yi magana."

"Na sani."

"Ka san dokar maigidana. Ba zan ɗaga maka ba."

"Ban roƙa ba."

Ta ɗaga kai ta ce, "Fumika, wannan tafiyar babu ita. Juya mu koma tasha, a fara daga farko. Ki share fuskarki, mutane na kallo."

Da muka iso tasha ba mu sauka ba. Matsufuji ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Okami-san, ya dubi tawa, ya mai da bakinsa ya rufe. Fumika ta juya jirgi, na sake ba ta baya.

A karo na biyu ba ta yi waƙa ba, muryar ba za ta fita ba. Ina jin jan hancinta a bayana har gada ta biyu, daga nan ya ɗauke, sai ƙarar gora da ruwa kawai. Da muka doshi ƙofa na ɗora tafin hannuna a kan katakon daɓe. Tura ɗaya, gora sama. Duwatsu suka wuce ta dama da hagu, na ga gansakuka a jikinsu kusa da idona, ban ji komai a hannuna ba. Muka fita. A dawowa ma haka, ga ruwa yana turo ta, ta ratsa kamar zare a kafar allura.

A tasha Okami-san ta miƙe, ta naɗe bargonta, ta ce, "Gobe da safe akwai baƙi daga Kumamoto. Fumika ce za ta ɗauke su." Ta sa takalmi ta haye. Iyakar hukuncin ke nan, gidanmu ba a dogon biki. Su Matsufuji suka yi tafi, amma tafin bai yi ƙarfi ba, kowa na satar kallona.

Na dafa gefen jirgi zan tashi. Zaman daɓe na tafiya biyu a cikin sanyin nan ya sandarar da gwiwoyin gaba ɗaya. Na yunƙura, na koma. Na sake yunƙurawa, na sake komawa, jirgi ya yi ɗan lilo. A tasha ba wanda ya san ko ya matso ko ya kau da kai.

Fumika ta kafa gora, ta ɗaure jirgi, ta zagayo ta tsaya a kan matakala, ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a bakin jirgi, yadda muke tsayawa in za mu sauke tsofaffin fasinjoji. Idanunta jajur. Ta miƙo hannu, tafin duk kanta, ta faɗi abin da muke faɗa wa kowane baƙo a ƙarshen tafiya.

"Mun gode da kuka hau jirginmu. A kula da ƙafa, matakalar da santsi."

Na daɗe ina kallon hannun. Sannan na kama, ta ja ni, na tashi.